Tsarkiyar da Kawu Ya Ara

Makon jiya ɗana ya buɗe ƙunshin sabbin tsarkiyoyin jita a tsakar gidanmu na Tambuwal, warin ƙarfe da maiko ya buge ni. Sai da na nemi wuri na zauna. Ya ɗauka hawan jinina ne ya motsa, ban gyara masa ba. Kai zan gaya wa abin da warin nan ya tono.

Ina yaro a Kebbe nake hutun damina, wurin kakata ta wajen uwa. Tsohuwa ce mai baki, ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai "angona". In na ci tuwo da yawa ta ce ta auri cima-zaune, ni kuma in ce na sake ta, ta yi ta dariya har zanenta ya kwance. Wallahi na ƙaunaci matar nan fiye da uwata, ba na ɓoyewa.

Kowa a gidan ya san abu ɗaya, ba a dai faɗi. Marigayi kakana makaɗin garaya ne na bori, ita kuma a gabansa take hawa. Da suka tuba ya sassauta tsarkiyoyin garayar, ya rataye ta a ɗakinsa. Tun daga ranar ta samu lafiyar kanta, aka kuma hana kowa taɓa garayar, don ana tsoron in ta ji muryarta abin zai dawo.

Kawuna, autanta, malamin makaranta ne a Tambuwal, kuma shi ya fara shigo da jitar lantarki zuri'armu. Ja ce, mai ciki kamar ƙwarya, da tsaga biyu a fuska. Da batirin mota yake kunna ta, a haɗa da akwatin lasifika. Shi ya koya mini ɗan abin da na sani. Ya ce mai koyo ya fara da siraran tsarkiyoyi, masu kauri sai yatsu sun yi kanta. Ya ce jita iri biyu ce: mai ciki tana da zaƙin murya amma tana kuka in ta kusanci lasifika, ta falankin katako kuwa ba ruwanta. Ya nuna mini mayen ƙarfen da ke ƙarƙashin tsarkiyoyin, ya ce shi ne kunnen jitar, kuma ƙarfe kaɗai yake ji.

A wata damina, gero ya fara fitar da kai, babbar tsarkiyar jitar ta tsinke. Sabuwa sai Sakkwato, hanya kuma ta cika da ruwa. Kawu ya yi kwana da kwanaki yana zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Rannan bayan azahar, mutane duk suna gona, hadari ya taso ya tsaya cak ba iska, sai na gan shi ya fito daga ɗakin marigayi da tsarkiyar garayar a hannu, murɗaɗɗiyar jijiya, baƙa wuluk saboda hayaƙi.

Kaka tana bakin murhu tana tsince wake. Ta ɗago ta ce, "Auta, mai da abin ga inda kag gane shi."

Ya ce, "Inna, jijiya ce, lantarki bai jin ta. Yatsana dai nika son shi samu wurin sauka."

Ta ce, "Kai ad da ilimi." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ba mugu ba ne, kuma bisa abin da ya sani gaskiya ya faɗa. Ya ɗaura ta, ya ja har ta miƙe, ya haɗa batir. Ya kaɗa na ƙarfen guda biyar, suka amsa kamar kullum. Sannan ya sa babban yatsa a kan jijiyar.

Lasifikar ta ɗauka. Wata murya ce mai kauri, a dishe, da ban taɓa ji daga jitar nan ba. Kawu ya janye hannunsa, amma ƙarar ba ta tsaya ba, sai ƙaruwa take, tana hawa tana sauka. Awakin da ke turke suka ja da baya har igiya ta ƙare.

Faifan wake ya kife. Kaka, wadda sai da sanda take miƙewa, ta tashi tsaye cir. Ta tako tsakiyar gida da wata tafiya ta ƙasaita, ta kama ƙugu, ta dubi ƙofar ɗakin marigayi. Da muryar da ba tata ba ta ce, "Kun daɗe."

Kawu ya fizge wayar batir, ya ɗauko wuƙar kubewa ya datse jijiyar. Kaka ta zube a ƙasa, ruwa kuma ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ruga na rungume ta ina kuka, ina cewa amarya ki tashi, na fasa sakin. Ta buɗe ido ta dube ni da kyau, cikin ladabi, ta ce, "Yaro, ɗan wa kake?"

Ta ƙara damina biyu a duniya. An yi rubutu, an yi asibiti. Tana ci, tana salla in an tuna mata, amma ba ta sake cewa angona ba. Kawu ya sha gaya mini cikin jitar ne ya kama ƙarar ya mayar wa lasifika, abu ne sananne. Ban musa ba, sai dai bai sake taɓa jita ba har ya rasu.

Yanzu yara a waya suke zaɓen kaya, a aiko musu daga Sakkwato kafin la'asar. Ɗana ya nuna mini hotunan jita biyu, ya ce wacce zai saya in ya ƙware. Na ce ta falanki, marar ciki, da siraran tsarkiyoyi, kuma in ɗaya ta tsinke ya jira sabuwa, kada ya ari ta kowa, balle ta jijiya.

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai jijiya ba ta ƙara a jitar lantarki."

Na ce haka ne, haka aka gaya wa kakata.