Ranar da Na Hana Wanzami Taɓa Jikana

Ni dai na gaji da ganin jini. Ƙanena wurin kaciya ya rasu, kwana uku jinin na zuba ya ƙi tsayawa. Ɗana kuwa yana nan da ransa, amma shekara ashirin ke nan ina jigilarsa tsakanin Tsiga da asibiti a Funtua, yau gwiwa ta kumbura, gobe dasashi. Ko fartanya bai taɓa riƙewa ba. Tun yana ƙarami likita ta ce mini ciwon gado ne, mata ke ɗauke da shi, maza ke shan wahalarsa. Na haɗiye maganar, ko 'yata ban faɗa wa ba.

Da ta zo gida haihuwar fari ta samu namiji, mutane na ta barka, ni kuwa ina tuna maganar likita. Ana jibi suna mijinta ya aiko daga Malumfashi cewa za su zo da wanzamin gidansu, ya yi aski ya cire wa jariri beli, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a zuriyarsu. Na aika masa a dakata a gwada jinin yaron tukuna, saboda ciwon kawunsa. Sai ya aiko wai in kwantar da hankalina, ya ji a rediyo yanzu likitoci na gyara ƙwayar halittar mutum inda ta samu matsala, ciwon ya zama tarihi.

Ai na riga shi jin labarin. Tun bara na tambayi likitarmu, ta ce gaskiya ne ana gwadawa a ƙasashen waje, so ake a gyara hanta ta riƙa yin abin da ke daskarar da jini, amma ba a gama ba, balle ya iso mu. To gyaran da ke cikin rediyo ne zai tsayar da jini a tsakar gidana?

Da safen suna wanzami ya buɗe zabirarsa. 'Yata ta sunkuyar da kai, ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta ce uffan a kansa ba. Ni ma ban taɓa haɗa ido da surukina ba. Na rungumi jaririn na fita har zaure, gaban maza.

Na ce wa surukin nawa, "Malam, ka yi haƙuri, ko aski ba za a yi ba sai an gwada shi. Ciwon nan daga jinina yake, ta wajen mata yake bi. Matarka ma wataƙila tana ɗauke da shi."

Wanzami ya naɗe kayansa ya tafi. Kafin azahar dangin miji sun watse, waina ko rabi ba a ci ba.

Na koma ɗaki na miƙa wa 'yata ɗanta lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ta karɓe shi ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Inna, tun yaushe kika sani?"

Na ce tun tana shekara biyar.