Yayen ɓerayen Ilham

Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba, cikin kullen korona na 2021, lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje. Mataimaki nake: shara, awon abinci, riƙe dabba idan likita za ta duba. Da aka rufe gari, Dakta mai asibitin, wata 'yar ƙasar, ta ƙara mini amsa waya. Ƙa'idar ita ce in saurari mai kira, in kai wa Dakta, in mayar masa da abin da ta ce.

Da hantsi wata mata ta kira. Ta fara da Turanci, sai ta tsaya.

"Malam, kamar Bahaushe nake ji?"

"Shi ne, Hajiya."

"Alhamdulillahi. Don Allah kar ka yi mini dariya. Ɓeraye ne."

Maman Ilham ce, matar wani ɗalibin digiri na uku. Mijin ya saya wa 'yarsu farar ɓera ta kiwo, ɓerar ta haihu ana gobe za a kwantar da shi a asibiti saboda korona. Da zai fita ya ce wa yarinyar ta kula da 'ya'yan, zai dawo ya ga yadda suka girma. Tun ranar Ilham ta tare a gaban keji.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: ɗan ɓera yana buɗe ido wajen mako biyu, ya fara lasar abincin uwarsa, amma yana ci gaba da shan nono har kusan wata guda. Uwar ce ke janye shi a hankali.

Maman Ilham ta ga sun buɗe ido suna lasar ayaba, sai ta yi musu yaye irin na gida, rana ɗaya, a raba ɗa da uwa.

"Ni haka aka yi mini, haka na yi wa Ilham. Nan babu kaka da za a kai su wurinta, sai na aika uwar gidan ƙawata a Sri Petaling."

Washegari aka killace benen ƙawar, ba shiga ba fita. Lokacin da ta kira ni, wasu daga cikin 'ya'yan sun riga sun mutu.

Na faɗa wa Dakta. Ta ce, "Boleh," wato zai yiwu a yarensu. "Amma kar ka yi mata alkawari."

Na mayar da umarnin daki-daki. Madarar jarirai ta waken suya, mai ɗumi, a ɗiga a bakin kowanne da sirinji marar allura, a maimaita bayan 'yan sa'o'i. Kada a kwantar da su rigingine, za su shaƙe. Bayan kowane ci a shafa musu ciki da auduga mai ɗumi, domin lasar uwa ce ke sa su fitsari. A ajiye kwalbar ruwan ɗumi cikin tsumma a gefe. Daga baya a kawo kunu mai ruwa-ruwa a murfin kwalba, sannan dafaffen ƙwai, sannan jiƙaƙƙen hatsi.

Kullum sai ta kira. Ina jin Ilham a bayanta tana cewa, "Ummi, slowly lah!" Maman ta ce, "Ka ji ta, ta zama uwar ɗakina." Duk da haka suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har saura biyu.

Wata safiya ta kira, muryarta a dushe.

"Malam, sun ci hatsi da kansu. Busasshe ma."

Na ce masha Allah, sun tsallake ke nan.

"Baban Ilham ya rasu jiya. Ba su bar mu mun gan shi ba. Ilham ta ce in tambaye ka ko yanzu za a iya daina madarar."

Na yi mata ta'aziyya, na ce a rage a hankali, kada a yanke.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, idan mutum ya yi wa dabba kuskure, ku fara tambayarsa yadda ake yi a gidansu, domin mafi yawa abin da ya sani na kulawa ne ya yi. Kuma ku amsa tambayar da aka yi muku cikakkiya, komai ƙanƙantarta. Ba ku san abin da ke faruwa a ɗakin da ake kiranku ba.