Ɗankwalin Mai Keke

Mai Keke ake ce mata a layin, saboda keken ɗinkin da ta kafa a bakin taga tun tana amarya. Mijinta direban bas ne, kuma mai kaɗa jita. Tuƙin dai ta yarda da shi, jitar ce ba ta taɓa kwanta mata a rai ba. Da ya dawo daga aiki zai wanke fuska, ya zauna a benci ya rungumi abarsa, ita kuma sai ta ƙara wa kekenta wuta don kada ta ji. Haka suka yi ta yi har yara suka girma suka watse, babu wanda ya sassauta wa wani. Ko sunan jitar ba ta kamawa, "katakon nan" take cewa.

Bayan ya ajiye tuƙi ciwon suga ya kama shi, a hankali yatsunsa suka daina ji. Ita ce ta fara lura da ɗigon jini a gaban rigarsa wajen wanki. Ta kamo hannunsa na hagu ta juya, sai ga gefen manuninsa duk a tsattsage, shi kuwa ko a jikinsa.

Likita ba ta ɓoye musu ba: raunin mai suga ba ya warkewa da wuri, in ya ci gaba da yankewa, yatsan zai iya tafiya. Suna dawowa gida Mai Keke ta ɗora jitar can saman kabad. Da yamma sai ya zauna a bencinsa, hannu a cinya, yana kallon bango. Shirun da ta daɗe tana nema ya samu, kuma bai yi mata daɗi ba. Tausayinsa take ji, tana kuma jin haushin kanta da take tausaya masa.

Ƙaninsa, mai yankan makulli a bakin kasuwa, shi ya sauko da jitar ya duba.

"Yaya, ba tsirkiya ke yanka ka ba," in ji shi. "Katakon wuyan ne ya bushe ya tsuke, ƴan ƙarafunan nan da ke jere a kansa suka leƙo ta gefe. Guga kawai suke so."

"Kai da makullin gidan nan ma sai da ka sake yankawa kafin ya buɗe?" in ji Mai Keke.

"Matar Yaya, ƙofarku ce karkatacciya."

Washegari ya zo da siririn magagarinsa. Ya shimfiɗa tawul a teburin da take yanka yadi, ya kwantar da jitar, ya manna salatif a gefen katakon don kada ya karce shi. Ya bi bakin ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya, yana guga yana hure garin, har kowane ya kwanta. Ya shafa da babban yatsa ya ce an gama. Yayan ma ya shafa, ya ce sumul.

Mai Keke ta dube su. Ɗaya ciwo ya kashe masa yatsu, ɗaya ƙarfe ya mayar da fatar hannunsa kamar tafin takalmi. Nata yatsun ma allura ta daɗe da ƙeƙasar da su.

"Ku biyun nan ne za ku gaya mini babu kaifi?"

Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, ta fito da ɗankwalin silikin da babbar ƴarta ta kawo mata, wanda ko sau ɗaya ba ta yarda ta ɗaura ba don kada ya tsufa. Ta ɗora shi a gefen wuyan jitar ta ja a hankali. Bai yi nisa ba ya maƙale, zare ya fito.

"Nan," ta ce.

Ƙanin ya goge wurin. Ta sake ja, ya sake maƙalewa a gaba. Haka suka yi ta bi, ita tana ja, shi yana guga, mijin yana zaune ya zuba musu ido. Kafin la'asar ɗankwalin ya zama abin tausayi, zare ta ko'ina. A ƙarshe ta ja daga sama har ƙasa, ta juya ɗaya gefen ta ja, ya zame bai kama ko'ina ba.

Da kanta ta miƙa masa jitar. "Ungo katakonka. Kana gamawa ka kawo hannun in duba."

Ya karɓa ya gyara zama, ya fara kaɗawa a hankali. Ita kuma ta koma kan kekenta, ta ɗora ƙafa a kan matakin, amma ba ta taka ba.

Ƙanin yana naɗe magagarinsa ya ce, "Matar Yaya, keken ma ya lalace ne in duba?"

"Zare nake nema," ta ce, alhali zaren yana hannunta.