Abin da Likita Ya Faɗa wa Gwaggo

Ƙarar fasa goro, ƙas ɗin nan, har yau in na ji ta a kasuwa sai na waiwaya. Da ita Innarmu take buɗe yini a gidanmu na unguwar Zango, a Damagaram. Kafin rana ta taɓa katanga ta dama koko, ta share tsakar gida, ta yi wa ƙanana wanka, ɓarin goro na kumatunta. Da hantsi sai shayi, na farkon nan mai ɗaci wanda maza ma ke yatsina fuska kafin su haɗiye. Ban taɓa ganin ta zauna ta ci tuwo ta ƙoshi ba. In ta ce kanta na sarawa, wani zai miƙa mata goro. Mu a lokacin mun ɗauka kulawa ce.

Wata kaka, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, gidan ya cika da buhunan gyaɗa da alkama. Gwaggo, yayar Babanmu, ta zo daga Takieta, za ta aurar da ɗiyarta, kuma duk dangi sun san ba mai hannun Inna wajen gara, kayan toye-toyen da ake raka amarya da su. Alkaki, nakiya, dubulan. Kai, ƙamshin gidan nan! Zuma da hayaƙin kara da man gyaɗa, har zannuwanmu suka ɗauka.

Ana cikin haka jiri ya ɗebi Inna a bakin murhu. Gwaggo ce ta kai ta gidan likita, don likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, ita kuwa ta yi lakwal, wato boko, tana jin Faransanci. Suka dawo da ƙwayoyi a takarda.

"Gajiya ce kawai, matarmu," in ji Gwaggo tana dariya. Ta kunce bakin zane ta ba ta farin goro. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta koma kan kasko.

Aka kai gara, aka yi ta guɗa, Gwaggo ta fita kunya. Kwana tara da biki Inna ta faɗi a bakin randa, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka ce iska ce. Haka na yarda, shekara ashirin da wani abu.

To, na girma na bi sawunta, sai dai ni kafe nake sha, gahawar nan ta gwangwani. 'Ya'ya huɗu, aikin biro, wato ofis, girki, wanki. Kofi uku kafin azahar, karin kumallo kuwa sai in na tuna. Bara na je gaida Gwaggo, ta tsufa tukuf. Ina zuba ruwan zafi a kan garin kafe, ta tsura mini ido.

"Ajiye abin nan, 'yar nan. Irinsa likita ya hana uwarki."

"Wane likita, Gwaggo?"

Ta gane bakinta ya suɓuce. Sannan ta faɗa a hankali, kamar mai ba da labarin wasu. Likitan ya ce jinin Inna ya hau sosai. Ta bar goro da shayi, ta rage gishiri, ta ci abinci a kan lokaci, ta huta wata guda cur.

"Wata guda fa! Saura mako uku biki. Wa zai yi mini garar? Na ce bayan biki zan faɗa mata."

Wallahi matar nan ta ci tuwon Inna, ta kwana a ɗakinta, ta ji maganar da kunnenta, sannan ta miƙa mata goro da hannunta. Ban zage ta ba, yayar ubana ce. Na ɗauki gyalena na fito, ko sallama ban yi ba.

Da na dawo Damagaram na je aka auna ni, ashe nawa ma ya fara hawa. Yanzu da kunun gyaɗa nake karyawa, a zaune, in sa dabino da gorar ruwa a jaka, bayan azahar in miƙe bayana, kowa ya zo ya jira. Makon farko kaina kamar zai tsage. Maigida ya koyi ɗora tukunya, kuma bai mutu ba. Yau likita da Hausa zai faɗa miki, ba mai shiga tsakani. Amma duba gidanku: uwa ta ce ta gaji, wa ke karɓar tsintsiyar hannunta?

Inna na nan da ranta, a ɗakin da ke kusa da nawa. Ban faɗa mata ba. Da azumin bana ta kira ni, da harshenta mai nauyi, ta nuna mini atamfar da aka kawo mata. Wai in bai wa mai zuwa Takieta ya kai wa Gwaggo, don ita ce ta tsaya mata ranar da ba ta da lafiya. Na karɓa, na ce, "To, Inna." Atamfar na cikin akwatina har yanzu.