Mai Tuta da Masu Fim

Kawuna ya yi shekara talatin da huɗu yana ba jiragen ƙasa hannu a babbar tasha, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Tuta. Ya san ginin nan kamar yunwar cikinsa: dogon rufin ƙarfe, tagogin sayar da tikiti uku, da ƙaton agogon da yake hawa tsani ya wana duk Litinin.

Bayan ya yi ritaya aka rufe tashar. Ana nan sai ga masu fim za su ɗauki labarin zamanin da, suka ce ya zo ya nuna musu yadda ake yi. Ya goge tsohuwar rigar aikinsa, ya tafi da murnarsa.

Ranar farko aka kawo kan jirgi mai shan dizal, alhali a lokacin da suke nufi kwal ake zubawa. Kawu ya kau da kai. Kashegari jarumin ya ɗaga jar tuta, jirgi ya tashi. Kawu ya faɗa gaban kyamara.

"Kai! Ja tsayawa ce! Kore ake ɗagawa!"

Daraktan ya yi dariya. "Baba, ja ya fi fitowa a hoto. Wa zai lura?"

"Ni zan lura! Da a gabana direba ya yi haka, ko gobe ba zai kai a bakin aiki ba. Rayukan mutane ne fa, ba kwalliya ba!"

Suka ba shi kujera ya huce. Ya ture ta ya yi gida.

Wata biyar bayan nan aka turo katafila ta rushe tashar, wai za a gina shaguna. Kawu ya tsaya tsallaken titi tun safe har la'asar yana kallo. Ko hoto ɗaya babu wanda ya ɗauka.

Abin da ya fi cinsa ya zo ne da fim ɗin ya fito. Maƙwabcinmu tela ya tare shi a ƙofar gida yana washe baki.

"Mai Tuta, ashe haka kuke aikinku!"

"Ƙarya ce tsagwaronta!" in ji Kawu. "Sun rushe ta gaskiyar, sun bar muku ta bogi!"

Ranar ya aike ni na sayo littafin rubutu. Yanzu kullum da hantsi yana faɗar yadda tashar take ina rubutawa, daga tsawon dandamali har sunayen direbobi. Mun kai shafi na sittin. In na yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya sa na yage shafin.