Masarar da na shuka a maƙabartar coci

Ko da zan manta sunan matata, Allah ya kiyaye, ba zan manta damina ta farko da na riƙe makullin maƙabartar cocinmu ba. A lokacin duk Bauchi babu wanda ya kai ni riƙon amana, aƙalla a bakina. Ranar da dattawan ikilisiya suka miƙa mini makullin, na bugi ƙirji na ce ko tsinke ba zai ɓata a hannuna ba, kuma in fatalwa ta gan ni ita za ta fara gaishe ni.

Filin yana can hanyar Gubi. Ta sama kaburbura ne masu siminti da sunaye. Ta gangare kuwa, wajen wata tsohuwar ɗorawa, ciyawa ce kawai da ƙananan duwatsu a warwatse. Na duba na ce ashe ƙasar Allah zaman banza take yi. Ban tambayi kowa ba. Na kwashe duwatsun na tara su gefe, na yi huɗa, na shuka masara. Na lallashi zuciyata da cewa ranar godiyar kaka zan kai buhu guda gaban bagade, har a tafa mini.

Matata ta ce, "Baban yara, ka gaya wa fasto?"

Na ce, "Fasto wa'azi ya karanta, ba noma ba."

Wata Laraba cikin Agusta, da tsakar rana bayan an ɗauke ruwa, na je duba gona. Wurin ya yi tsit, ko kukan kurciya babu. Na hau tarin duwatsun nan don in hango yabanyata da kyau, sai na ga wani abin ban tsoro. Masarar ba ta tashi daidai ba. Wuri-wuri ta fi sauran tsayi, ganyenta kore shar har yana baƙi-baƙi, kuma kowane wuri bai wuce tsawon ƙaramar tabarma ba. A jere suke, layi-layi, kamar an ja su da igiya. Ni na zuba taki da hannuna, na san ban fifita ko'ina ba.

Ina tsaye ina kallo sai na ji waƙa. Murya ce siririya, tana rera irin waƙar da ake lallashin jariri da ita, da yaren mutanenmu na kudu. Babu iska, amma masara tana motsi, motsin kuma yana nufo ni a hankali. Wani farin abu ya gifta tsakanin ganye. Waƙar ta tsaya. Muryar ta ce, "Ina kuka kai shi?"

Jama'a, na sha jin ana cewa mai tumbi ba ya gudu. Ƙarya ne. Na dira daga kan duwatsun, na bar takalmi ɗaya a taɓo, ban yi taku goma ba santsi ya kwashe ni. Ina kwance ina karanta Addu'ar Ubangiji daga tsakiya, sai ga sanda ta fito daga cikin masara, bayanta wata tsohuwa mai farin ɗankwali. Na gane ta. Tana cikin iyayen zumuntar mata, ciwon ƙafa ya daɗe da hana ta zuwa sujada.

Na ce, "Mama, ke ce? Da ranki?"

Ta ce, "Da raina, ɗana. Tashi. Wa ya yi shuka a kan yaranmu?"

A nan na ji abin da da na tambaya tun farko da an gaya mini. A da, in jariri ya rasu ba a yi masa siminti. A gangaren nan ake sa shi, uwa ta ajiye duwatsu ta riƙe wurin a ranta. Nata ɗan fari ne, kwana tara ya yi a duniya. Shekara talatin da wani abu ke nan, duk shekara in watan da ya rasu ya kama sai ta zo, yanzu ma Keke Napep ta ɗauko tun daga gari. Duwatsu uku ta sa masa, ɗaya fari. Ta yi ta zagaye cikin masara ba ta gan su ba.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Ba ni da hotonsa. Duwatsun nan su ke nan."

Sai na tambaye ta ko tana tuna layin. Ta ce na biyu daga ɗorawa, kabari na huɗu. Na riƙe hannunta muka shiga, muna bin wuraren nan masu duhun ganye. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ta tsaya ta dubi ɗorawar, ta dubi ƙasa, ta durƙusa ta ci gaba da waƙarta daga inda ta tsaya. Ni kuwa na koma tarin duwatsu ina tono har farcena ya fashe, sai da na samo farin.

Ranar Lahadi na tsaya gaban ikilisiya na faɗi abin da na yi. Kafin a sare masarar, tsofaffin mata suka zo, kowacce ta nemi nata, muka kafa alama. Wurare biyu babu wanda ya zo musu. Har yau ni nake share su, ban san ko 'ya'yan wa ba ne.

Abin da na koya shi ne, makulli aka ba ni, ba fili ba. Kayan Allah da na ga kamar ba su da amfani, Shi ya san abin da ya ajiye a ciki, kuma mai riƙon amana tambaya yake yi kafin ya ɗaga ko dutse ɗaya.

Da muka fito daga sujadar, na matsa kusa da tsohuwar ina ƙoƙarin gyara sunana. Na ce, "Mama, ai ran nan ba tsoro na ji ba, santsi ne."

Ta buɗe jakarta ta miƙo mini takalmina a wanke, ta ce, "Karɓi, ɗana. An ba ka gadin masu barci, ashe duk ka fi su barci."