Cokalin Shinkafar Iya Gap-sun

Kafin masu noman ciyawar teku su tayar da injin jiragensu, Iya Gap-sun ta riga ta hau tudun cocinmu. Ta buɗe ƙofa, ta kunna murhu, ta jera matasai na zama a ƙasa. A addu'ar asuba kowa yakan ɗaga murya lokaci guda har ginin ya ɗauka, ita kuwa sai an watse take zama shiru, ido a rufe. Na taɓa tsokanarta, na ce, "Iya, barci ne ko addu'a?"

"Ku kun gama faɗa wa Ubangiji naku," in ji ta. "Ni jira nake ya faɗi nasa."

Matan tsibirinmu duk sanda za su ɗora tukunya sukan ɗebi cokali guda na shinkafa da sunan kowane ɗan gida, su tara, ran Lahadi a kai coci don abincin fasto. To, matasa suka kwashe sai birni, makaranta ta rufe, faston ma aka ɗauke shi. Muka rage tsofaffi 'yan ƙalilan, har aka fara maganar sayar da ginin. Iya ba ta fasa ɗibar cokalinta ba. Dattijo Pyo, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce mata, "Wa kike tara wa, Gap-sun? Ɓeraye?"

"An ce in ɗiba. Ba a ce in daina ba tukuna."

Ɗanta Deok-su ya zo daga Seoul, babban birnin ƙasarmu, ya ce, "Inna, gwiwoyin nan sun gama aiki, ki zo mu tafi." Ta ce ta tambayi Ubangiji, bai sallame ta ba. Ya koma cikin fushi. Na gan ta a bakin ruwa tana share hawaye, ni ma abin ya ƙona mini rai. Duk da haka kowace Lahadi takan dafa shinkafar nan a coci, abin da ya rage ta kai wa marasa lafiya.

Wata Lahadi cikin tsananin sanyi, wasu samari 'yan Filifin da aka ɗauko aikin teku suka hango gicciye, suka shigo a ɗarare, hannuwansu duk sun tsage. Suka tarar da tukunya tana tururi. Yau su ne ke jan waƙa, maganar sayar da gini kuma ta mutu.

Ke ce mai kunnen sauraro, Iya. Na tambaye ki ko kin san za su zo, kika ce, "Ina zan sani? Ko ba su zo ba, ai da na ɗiba." Mun gode, Allah ya sāka miki. Mu kuma da muke cika wa Ubangiji kunne da buƙatu mu tashi da sauri, mu riƙa zama kaɗan mu ji nasa.

A wannan watan da kanta ta kira Deok-su, ta ce an sallame ta. Ranar tafiya, a bakin jirgi, ta damƙa wa Dattijo Pyo cokalin, ta ce, "Ungo. Ɓerayenka na jira." Ya karɓa. Lahadin da ta wuce shi ne ya fara isowa coci, da ƙullin shinkafa a hannu.